Tsutsar Doka da Rigar Baba

Turaki, Jalingo
6 ga Afrilu

Zuwa ga Yayana Hashim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da Goggo Lami. Yaya idon naka? Yaya zafin Zariya? Mu a nan lafiya lau, sai Najiba da nauyi ya yi mata yawa, ungozoma ta ce ko yau ko gobe.

Na rubuto ne don waya ba ta yi mana. Ni in tsaya tsakiyar kasuwa ina ihu, kai kana tambayar wa ke magana, maƙwabta su kwashe sirrinmu kyauta.

Saƙonka ya iso ta hannun Jibrilla direba, na kuma ji zafin da ke cikinsa. Ka ce shekara uku kana jiran farar tsamiya, zaren tsutsar nan, ka ƙarasa aikin rigar marigayi Baba, ni kuma ina zaune a ƙasar tsamiya ina sayar da atamfa. Yaya, ba raini ba ne, babu ce. Lokacin da Baba ya fara kawo ni nan, ranar kasuwar Iware buhu-buhu ake zube mana gidajen tsutsar da Goggo ke dafawa ta kaɗa muku zare, mu zaɓa mu bar saura. Yau itatuwan dokar da tsutsar ke ci sun zama gawayi sun hau tirela, waɗanda suka tsira kuma feshin gona ya bi su. Ɗan abin da ke zuwa hannuna mai ruwan ƙasa ne, na masu hula, kai kuwa fara kake so irin wadda Baba ya fara aikin da ita.

To ga labari. Akwai wani dattijo a Iware, Oga Tobias, ɗan ƙabilar Mumuye ne, tsohon ma'aikacin gandun daji. Da ya yi ritaya, maimakon ya huta, sai ya kama kiwon tsutsa. Ka ji fa, kiwon tsutsa. Yana da doka ashirin da 'yan kai a bayan gonarsa, a cewarsa duk yankin nan a kansu kaɗai tsutsar ta rage. Da kaka ya tattara duk gidajen da suka saƙa, goma sha ɗaya. Nufinsa ya ajiye su har ruwan farko, malam-buɗe-littafin da ke kwance a ciki ya fito, ya yi ƙwai a keji na gidan sauro, sannan ya mayar da 'ya'yan kan itatuwa don iri ya daɗu.

Matsalarsa ɓarayi. A shekarun baya duk gidan da ya rataye sai a sace, ya bincika ya gano mutum ɗaya ake kai wa a Jalingo. Ka san mutumin, ƙaninka ne. Sai tsohon nan ya zo shagona da kwando, ya dire a gabana, ya ce tunda ni ne mai saye ni zan zama mai gadi, in kayan suna hannuna ɓarawo ba shi da inda zai kai. Shekarata ashirin a kasuwa ba a taɓa ɗaure ni cikin ladabi haka ba. Na karɓa, na rataye su a ɗakin baya mai siminti inda akwai sanyi.

Biyu a cikinsu farare ne tas. An sare wata doka da tsutsa a kanta, ya kwashe su ya rufe a ƙwarya cikin rumbu yana ba su ganye, suka yi saƙarsu ba su ga rana ba. Ka san abin da duhu ke yi wa tsamiya. Ina ganinsu wuyan rigar Baba ya faɗo mini a rai. Su ne a kwalin da ke tare da takardar nan. Shi kuma na gaya masa ɓera ne ya shiga. Kada ka yi mini wa'azi, tara sun ishe shi iri, kowane gida ɗaruruwa ne a ciki.

Goggo za ta biyo Jibrilla in zai dawo saboda wankan Najiba. Ka rataye su wuri mai iska har ta koma ta dafa maka. Ruwanku ba ya sauri kamar namu, za ta same su.

Ka gaida kowa da kowa.

Ni ne ƙaninka,
Mahadi


Turaki, Jalingo
21 ga Afrilu

Yaya Hashim,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya, ido kuma yana sauƙi. Allah ya sauki Najiba lafiya, mace aka samu. Na sa mata sunan Inna, Hadijatu, muna kiranta Hamna. Hancin naka ne, ba ta yi sa'a ba.

Goggo ta iso, gidana kuma ya bar hannuna. Tun asuba wuta na ci ƙarƙashin tukunyar wanka, toka ta taru a bayan murhu, ta hana a zubar wai ɓarna ce. Ni kaina sai na nemi izini kafin in shiga ɗakin matata.

Oga Tobias ya zo suna. Ya riƙo kaza, da naɗin waya mai raga, da kyanwa a buhu. Ana cikin cin shinkafa mutumin nan mai shekara saba'in ya taka benci da kansa yana toshe tagar ɗakin baya, yana ba ni haƙuri wai ya jawo mini ɓeraye gida. Ya ce fararen biyun nan sun tsaya masa a rai, don da hannunsa ya ciyar da su kwana goma sha tara. Yaya, na sha sayar da yadi mai zuba ina rantsuwa fuskata ko gezau, amma ranar nan naman sunan 'yata bai wuce mini ba.

Ranar kasuwa ya matsa sai na je na ga wurin. Na je don in fita kunya, na dawo da abin da ban je nema ba. Ya share hanya mai faɗi kewaye da itatuwan da fartanya, shi kaɗai, don kada gobarar daji ta tsallaka. Ya jera 'ya'yan doka sun fi ɗari a ledar ruwa ƙarƙashin rumfa, yana ɗebo musu ruwa daga rafi. Ya bi maƙwabta gida-gida yana roƙon kada su yi feshi ranar da iska ke kaɗawa wajensa. Makiyaya masu sassabe ganye kuma ya bar musu harawar gyaɗarsa don su ƙyale masa doka. Na tambaye shi ribarsa a ciki, ya ce yana yaro tsutsar nan layi take yi a kan hanya har sai an tsallaka ta, jikokinsa kuwa ba su taɓa gani ba, suna tsammani tatsuniya yake yi musu.

Ya faɗi wata magana da na yi wa dariya. Wai ko an bar malam-buɗe-littafin ya fita, gidan yana kaɗuwa, zaren yana nan da ƙarfinsa, haskensa ne kawai ke dusashewa. Na ce masa a gidanmu wanda aka fita daga cikinsa ko kallo ba ma yi. Ya dube ni kawai.

Ɗakin baya a kulle yake, makullin yana rataye a ƙusa a ɗakin Najiba. Kowace safiya ina yayyafa ruwa a simintin don sanyi. Goggo ba ta san abin da ke ciki ba, ba kuma zan gaya mata ba. Ta ga biyun a wurinka kafin ta taso. In na ce mata ga tara, za ta haɗa lissafi, ka kuma san bakinta ba ya ajiya, ga Oga Tobias yana shigowa gidan yana gaishe ta. Kai ma in ka aiko saƙo kada ka ambata.

Najiba tana gaishe ku. A shafa mini kan yara.

Ƙaninka,
Mahadi


Turaki, Jalingo
3 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ka, ina fata kuna lafiya. Mai jego da jaririya lafiyarsu ƙalau. Ni ne ba lafiya ba, kuma ba ciwon jiki ba ne. Ka zauna kafin ka ƙarasa karantawa.

Jiya da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, na farko a bana. Ina shago ina jin ƙanshin ƙasa ina murna. A gida kuwa Goggo tana neman inda za ta kwashe itacen wanka kada ya jiƙe. Ta ga makulli a ƙusa, ta buɗe ɗakin baya, ta ɗaga kai ta ga gidajen tsutsa tara a rataye.

Najiba ta ce ta ji ta tana salati. Ta ciro ɗaya ta kara a kunne, ta ji motsi a ciki. Yaya, shekara sittin abu ɗaya matar nan ta sani: tsamiya tana motsi, hadari yana sama, to tukunya kawai, kafin abin ciki ya fito ya ɓata ta. Ga toka a tare, ga tukunyar wanka a kan wuta, kamar an shirya mata. Ta tace ruwan toka, ta zuba su duka tara. Najiba ta yi mata magana daga ɗaki, Goggo ta ce mata mai jego ba ta da baki a aikin manya.

Da la'asar na shigo na tarar da igiyar shanya cike da tsamiya tana ɗiga, kaji kuma sun taru suna rububin abin da ta kakkaɓe daga ciki. Ta taro ni da hannuwa a kumbure saboda ƙaiƙayin gashin tsutsar, fuskarta fal murna. Ta ce ni sakarai ne irin na maza, na rataye dukiya na manta da ita, da ba don Allah ya kawo ta ba kwana biyu ya isa in yi asara. Ta ce rabon da ta ga tsamiya mai yawa haka tun Baba yana da rai, hawaye ya cika mata ido.

Me zan ce mata? Na ce sannu da aiki, Goggo. Na zaga bayan gida na zauna a kan bulo har ruwan ya sauko ya same ni a wurin.

Ba laifinta ba ne. Abin da ta yi, da a zamanin Baba ne, tukuici za a ba ta. Da na buɗe baki na faɗa mata tun ranar da ta iso, da ko ƙofar ba ta taɓa ba. Na rufe ne don kada ƙaryar ɓeran nan ta tonu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Oga Tobias bai bar ko gida ɗaya a kan itatuwansa ba, duka ya tattaro ya ba ni. Ke nan a duk abin da ya sani, biyun da ke rataye a shagonka su kaɗai suka rage da rai. Abin da na sata shi kaɗai ya tsira, ka ji ikon Allah. Don girman Allah kada ka bari a kusanta su da ruwa. Ka ba Jibrilla ya dawo mini da su. Zaren tara yana nan, Goggo ta ce za ta fara kaɗi gobe, ya fi abin da riga uku za su ci.

Na san kyauta na ba ka, kuma ban taɓa ba ka abu na dawo ina nema ba. Wannan karon ba nawa na bayar ba.

Ina jiran amsarka da motar Talata.

Ƙaninka,
Mahadi


Turaki, Jalingo
12 ga Mayu

Yaya Hashim,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida. Ina yi maka sannu da ido, ban san abin ya kai haka ba sai da na ga rubutunka yana hawa yana sauka.

Layi huɗu ka rubuto, na karanta su ya fi sau ashirin. Ka ce likita ya gaya maka ba ka da wata damina ta aikin allura bayan wannan. Ka ce zare mai ruwan ƙasa a jikin farin aikin Baba faci ne, kai kuma ba ka yi wa mahaifinka faci. Ka ce in hadari ya haɗu a Zariya za ka kai wa wata maƙwabciya ta dafa, tunda ni na ƙulla abina in kwance shi. Duk gaskiya ka faɗa, ban da abin musu.

Ni a nan ƙaryata ta kusa ƙarewa. Oga Tobias ya gama ƙera keji, sau biyu yana zuwa ɗaukar kayansa. Na farko na ce na bar makulli a shago. Na biyu na ce Goggo ta hana baƙon namiji ratsa tsakar gida sai an yi arba'in. Ya ce al'ada abin girmamawa ce, amma in riƙa kara kunne, in na ji motsi ya yi yawa in kira shi ko yana coci. Ya tafi yana waiwayen tagar da ya toshe. A lokacin Goggo tana ɗaki tana kaɗi da mazarinta, da ya ƙara taku biyar da ya ji ƙararsa.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa ba. Na rubuta maka cewa masu gawayi da masu feshi ne suka ƙarar da tsutsar nan. Sun yi nasu, amma akwai namu. Ka tuna yadda Baba ke sayen gida? Ya matsa shi, ya kaɗa a kunne, in ya ji wayam ya jefa wa mai shi ya ce an riga an fita. Haka na koya, na kuma fi shi iyawa. Shekara ashirin ina koya wa mutanen Iware cewa gidan da babu rai a ciki ba kaya ba ne. Suka riƙa hawa suna cirowa da ransa, mu dafa uwa da 'ya'ya, shekara ta zagayo mu yi mamakin ƙarancin kaya. Duk don aiki ya yi fari. Mai gawayi ko ba komai ya san itace ya sare. Ni ina zaune a inuwa ina zagin zamani.

Ban ce rigar Baba ba komai ba ce. Ni na riƙe masa fitila lokacin da ya yi zanen askar da ke ƙirjinta. Amma in ka dafa biyun nan, riga ɗaya za ta kammala, bayanta kuma babu wanda zai sake zare tsamiyar doka daga ƙasar nan, fara ko mai duhu. In ka dawo da su, ban yi maka alkawarin za su rayu ba. Wataƙila ka rasa rigar, shi ma ya rasa irin. Da ciniki ne da ni kaina ban saya ba. Roƙo nake yi.

In Allah ya taɓa zuciyarka, kada a sa su a leda, kada a sa a but ɗin mota kusa da zafi, kada a ajiye inda aka kunna maganin sauro. A naɗe su da tsumma mai laushi, Jibrilla ya ajiye a kujerar gaba.

Ko ka aiko ko ba ka aiko ba, jibi zan tafi Iware in faɗa masa komai. Na gaji da sauya hanya a kasuwar da na girma a cikinta.

Ka yafe mini ɗaga maka hankali.

Ƙaninka,
Mahadi


Turaki, Jalingo
21 ga Mayu

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da duk wanda ke ƙarƙashinka. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka maka idonka. Kwali ya iso jiya.

Bari in fara da Iware. Na je kamar yadda na ce. Na same shi ƙarƙashin rumfa yana ɗinke wata 'yar ɓula a ragar kejin. Tun a hanya na shirya magana mai santsi, irin wadda zan fara da ƙaddara in ƙare da tsufan Goggo. Ina ganin allurar nan a hannunsa duk ta zube. Na faɗa masa a tsaye, tukunya da toka da kaji, har ɓeran da babu shi.

Na so ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Bai ɗago ba sai da ya gama ɗinkin ya ciji zare. Ya tambaye ni ko suna motsi lokacin da aka zuba su, na ce suna yi. Sannan ya ce maganar ɓera tun ranar suna ya san babu ita, don bai ga kashin ɓera ko ɗaya a ɗakin ba, igiyar kuma da wuƙa aka yanke ta. Ya ce ya ƙyale ne don tara suna nan, yana ganin mutumin da kunya ta kama ya fi kowa iya gadi. Ya ce kuskuren nasa ne da ya yi wa ɗan kasuwa wayo. Da zan tafi ya ce in dawo masa da kyanwarsa.

Kwana shida ina zuwa tasha kamar mai jiran gawa. Jiya Jibrilla ya miƙo mini kwali daga kujerar gaba, ya ce ka ce babu takarda. Na buɗe a nan cikin tasha. Na ce a naɗe da tsumma mai laushi, Yaya, ban ce rigar Baba ba. Na ga rabin askar nan fara, da allurarka a soke inda ka tsaya. Masu lodi suna kallona, ƙato da gemu, na juya musu baya.

Ɗaya ya mutu. Tun kafin in kara a kunne wari ya gaya mini, ruɓar kuma ta rine shi har waje. Ban sani ba ko zafin hanyar zuwa ne ko na dawowa, duka biyun dai ni na ɗora masa. Ɗayan yana motsi, kaɗan-kaɗan, kamar ana murza busasshen ganye.

Ban biya gida ba. Na hau babur na rungume kwalin a ƙirji har Iware, ina yi wa mai babur faɗa a kan kowane rami. Oga Tobias ya karɓa da hannu biyu, ya saurara, ya shiga da shi keji ya rataye. Ya tambayi sunanka, na faɗa, ya maimaita sau biyu. Ni kuwa bai ce in zauna ba, ban kuma zauna ba.

Goggo ta ji komai daga bakin Najiba. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, ta kife mazarin. Ta ce mini ta yi tsammanin ta haifa wa gidan nan alheri ne, ashe kisa aka sa ta ba ta sani ba. Ba ta ce ni na sa ta ba, amma tun ranar ruwan alwalata ni nake ɗiba.

Sauran sai abin da Allah ya yi. Ka sa mu a addu'a.

Ƙaninka mai godiya,
Mahadi


Turaki, Jalingo
9 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Hashim,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata damina ta same ku lafiya. Yaya ido? Hamna ta fara dariya, ta fi yi wa Goggo. Ka yafe mini jinkiri, ban so in rubuto ba sai da abin faɗa.

Sun fito kwana tara bayan isowarsu. Gidan da ya kamata ya ba da ɗaruruwa, talatin da bakwai ya bayar, wasu ma da fiffike a tattare ba su iya tashi ba. Na gan su ta bayan raga, farare-farare masu ɗan zane, ba wani kyau na a zo a gani ba. Shekara ashirin ina cin abinci a kansu, ranar na fara ganin fuskarsu. Sun yi ƙwai a ganyen da Oga Tobias ya jera musu, wuri uku. Biyu suka ƙyanƙyashe. Ya ciyar da su mako biyu a keji, sannan ya raba su kan itace biyu, ya shafa toka da baƙin mai a gindin don tururuwa. Na itacen farko tsuntsaye suka gama da su cikin kwana huɗu. Na biyun suna nan. Ranar kasuwar da ta wuce na ga sun sauko reshe a layi, kan wannan a wutsiyar wancan, jikokinsa sun tsaya baki buɗe. In sun kai kaka za su saƙa gida ɗaya, ko biyu in an yi sa'a. Daga sha ɗaya.

Kuma ba a tsira ba. Wanda ke iyaka da shi ta yamma ya sayar da itatuwansa, tun daga titi kana jin kukan injin yanka. Duk ranar kasuwa ina zuwa in tsaya a bakin hanyar da Oga Tobias ya share, ba na tsallakawa. Makon jiya ya fito ya jingina fartanya a kusa da ni ya koma. Na share har azahar, hannun mai sayar da atamfa duk ya yi bororo. Ban sani ba ko yafiya ce ko hukunci, ban kuma tambaya ba. A shago na sanar cewa gidan da ke da motsi ba na saye, sai wanda aka fita. An yi mini dariya, wasu sun ce za su kai wa wani. Wataƙila su samu.

Goggo ta ƙi tafiya sai da ta gama kaɗin taran nan, wai barinsu ya zama kisa biyu. Ta sa na kai ta Iware, ta durƙusa da gwiwoyin nan nata ta ajiye zaren gaban Oga Tobias ta ce nasa ne. Ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa Mama ki tashi. Ya ɗauki ƙulli ɗaya don jikokinsa su san abin da tsutsar ke yi, ya ce sauran a kai wa mutumin Zariya da ya dawo da nasa.

Ga Goggo nan tare da Jibrilla. A jakarta akwai rigar Baba, allurarka tana inda ka bar ta. Akwai zaren, mai ruwan ƙasa ne, ban iya canza shi ba. Akwai kuma farin gidan da suka fita daga ciki, Oga Tobias ya ce a ba ka. Ya dusashe kamar yadda muka sani, Goggo ta ce duk da haka zai kaɗu, ya ɗan isa gefen aljihu. Mataccen ta duba ta ce ba ya moruwa, na binne shi.

Na san abin da ka ce game da faci. Amma damina tana tafiya, idonka kuma ba ya jira, ni dai ban da farar da zan ba ka, bana ko baɗi. Ka ƙarasa ta da abin da ke akwai, Yaya. In ka sa ta ranar Juma'a wani ya tambaye ka me ya sa rabin aikin fari rabi duhu, kada ka ce tsamiya ce ta yi wuya. Ka ce farin na Baba ne, duhun na Mahadi.

Ka gaida iyali. Allah ya bar zumunci.

Ni ne ƙaninka,
Mahadi